Ranar da Baba Ya Yi wa Tsohon Rijiya Shiru

Warin fim idan ya ɗauki zafi a cikin inji ba ya kama da warin komai. Yana da ɗan tsami, kamar ruwan tsamiyar da ya kwana, ga kuma ƙaurin ƙarfe a bayansa. Har yau idan hancina ya ci karo da wani abu mai kama da shi, sai in tsinci kaina a cikin wani sito a Maigatari, da hantsi, an toshe tagogi da buhuna, injin majigi yana ta ƙar-ƙar-ƙar a bayana, Baba yana tsaye a gefen farin ƙyalle da makirufo a hannunsa.

Baba mai bayanin majigi ne. A shekarun nan na saba'in hukuma tana da mota guda a Gumel wadda take yawo ƙauyuka da inji da janareto da farin ƙyalle. Su uku ne a cikinta: direba, da mai inji, da Baba. Fina-finan na allurar shanu ne, da takin zamani, da tsabtar ruwan sha, kuma da Turanci suke zuwa. Sai mai inji ya rage sautinsu, Baba ya tsaya a gefe yana mayar da su Hausa. Ba fassara kawai yake yi ba. Yakan ba kowane mutum na cikin hoton murya, har jaki idan ya gifta sai ya samu abin da zai ce. A Sule Tankarkar yakan jefa Fulatanci, a Maigatari ya karkata harshe wajen Hausar mutanen Damagaram. Mutane ba sa cewa majigin hukuma ya zo. Majigin Malam suke cewa.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ina da shekara goma sha takwas, na dawo hutu daga kwalejin horon malamai mata a Kano. A wannan hutun ne aka aiko wani sabon jami'i. Matashi ne mai fara'a, yana sa farar kwat mai gajeren hannu, da biro biyu a aljihu. Ya gaida Baba da ladabi, sannan ya gaya masa abin da ya kawo shi. An fara yin fina-finai masu ɗauke da Hausa a jikinsu, saboda haka ana tunanin ba a bukatar masu bayani. Za a mayar da su ofis su riƙa jera fayil. Shi zai bi motar zagaye ɗaya, Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, ya gani da idonsa, sannan ya rubuta rahoto.

Baba bai ce komai a gida ba. Daga bakin direba Inna ta ji.

Al'adar majigi ita ce idan an gama fina-finan faɗakarwa a saka na labari, don shi ne yake riƙe jama'a. Wannan karon gwangwanaye huɗu suka zo daga Kano, da wani irin rubutu a jikinsu kamar sawun kaji a kan jiƙaƙƙen yashi. Fim ɗin ƙasar Japan ne, baƙi da fari, da fassarar Turanci tana wucewa a ƙasa. Turancin Baba na elementare ne. Yana karantawa, amma a hankali, kafin ya kai ƙarshen layi an ɗauke shi.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da safe ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Uwata, ɗauko littafinki da alƙalami. Yau ke ce malamata."

A ɗakin ajiya na ofishinsu muka kalla, mu uku. Mai inji, wani siririn mutum mai jan haƙora saboda goro, ya rataya bargo a taga yana cewa, "Malama ƙarama, ki rubuta da sauri, wannan injin ba ya jiran 'yan boko."

Labarin wani tsohon mahaƙin rijiya ne a wani ƙauye da ruwa ya ƙafe. Ya nuna wani wuri a gefen dutse ya ce a nan ruwa yake. Ya yi ta haƙa kwana da kwanaki, samari biyu suna ja masa kwandon ƙasa, babu ko damshi. Mutanen gari suka fara yi masa dariya. A ƙarshe mai garin ya zo bakin ramin ya leƙa ya ce ya isa haka, gobe za a kawo masu inji daga birni.

Ban taɓa ganin fuska irin ta wannan tsohon ba. Fatar idonsa ta hagu ta ɗan sauko, sai ka ce rabinsa yana barci rabinsa yana gadi. Idan zai miƙe sai ya shafa tafukansa a kan gwiwoyinsa sau biyu. Idan aka yi masa magana mai zafi ba ya ɗaga kai, wuyansa ne kawai yake motsi kamar yana haɗiye wani abu mai ƙaya. Na manta cewa wasa yake yi. Na manta ma cewa ba Bahaushe ba ne. Na riƙa jin kamar na taɓa kai masa ruwa a zauren wani gida a unguwarmu.

Da aka gama na duba littafina. Maganar mai gari da samari da matan ƙauyen ta ci shafi kusan ashirin. Ta tsohon, wanda shi ne mai labarin, ba ta cika shafi ɗaya ba.

A cikin gwangwani na farko akwai wata 'yar takarda mai hoto biyu. A ɗaya saurayi ne mai yalwar suma yana dariya, a ɗayan kuwa tsohon da muka gani. Na karanta wa Baba abin da aka rubuta: ya fara fitowa a fim tun kafin yaƙin duniya na biyu, ya yi soja, ya yi masunci, ya yi likita, ya yi ɓarawo, ya yi uban amarya ba adadi.

Baba ya daɗe yana kallon hotunan biyu. Ya ce, "Ashe tsohon hannu ne." Sannan ya karɓi littafina ya juya shafin nan guda gaba da baya. "To ni me zan ce a madadinsa? Mutum bai bar mini komai ba."

Daga ranar tsohon ya tare a gidanmu, muka riƙa kiransa Tsohon Rijiya. Baba yakan zauna a tsakar gida bayan la'asar yana bitar littafina, yana gwada muryoyi. Ya samu ta mai gari nan da nan, mai kauri da hura hanci. Ya samu ta samarin. Ta tsohon ce ta ƙi. Har zamansa ya fara kwaikwayo, ya naɗe ƙafafu a ƙarƙashinsa, in zai tashi ya shafa gwiwoyi sau biyu.

Inna tana tankaɗe tana kallonsa ta gefen ido. "Malam, yau ma a Japan za mu ci tuwo? In kawo maka tsinke biyu ne, ko hannun naka yana nan?"

"Ki bari, kina kore mini baƙo."

"Baƙon da ba ya magana ba ya cin abinci, ai wannan ya zauna har shekara."

Gagarawa ce farkon zagaye. Ban je ba, don wasan maza ne, bayan magariba, a filin tasha. Direba ne ya ba mu labari washegari yana ta murna. Akwai wuri a fim ɗin, bayan mai gari ya ce a daina, inda tsohon yake zaune shi kaɗai a ƙasan rijiya, ba magana, ba kiɗa, na tsawon lokaci. Baba ya ga jami'i yana zaune a kujera da littafi a cinya, sai ya cika wurin da barkwanci. Ya sa tsohon yana cewa da ya sani da goro ya sayar, yana kukan gwiwa, yana tunanin tuwon da matarsa ta rage masa. Direba ya ce an yi dariya har da masu kwanciya a ƙasa, jami'i ma ya dara.

Amma Baba ya zauna gaban kokonsa har ya huce bai sha ba.

Na ce, "Baba, an ce wasa ya yi kyau."

"An yi dariya dai. Dattijon aka yi wa, kuma ni na jawo masa. Mutum yana ƙasan rami, an gaya masa gobe an gama da shi, ni kuma ina cusa masa zancen goro a baki. Da a gabana yake, Uwata, da ban iya haɗa ido da shi ba."

Inna ta ce, "Malam, mutumin da yake can bangon duniya, ina zai ji?"

"Ni na ji."

Na ji tsoro, don na gane inda ya dosa. Na ce, "Amma idan ka yi shiru a gaban jami'i, ai cewa zai yi ba ka da aiki a wurin."

"Na sani," in ji shi. Ya ɗauki kokon ya sha da sanyinsa.

Wasan Sule Tankarkar bai yiwu ba. Janareto ya ƙi tashi, mai inji ya yi ta fama har jama'a suka watse. Saura Maigatari ke nan, kuma daga can jami'i zai wuce Kano da rahotonsa.

A Maigatari an shirya wa mata nasu wasan da rana, ranar Alhamis, ranar kasuwa, a wani sito da ba a zuba masa gyaɗa ba saboda farin. Da yake ana bukatar mace da za ta zaunar da su, Baba ya ce in shirya. Na zauna a bayan mota kusa da gwangwanayen, na dafa su da hannu saboda gargada. A hanya muka yi ta wuce garken shanu da raƙuma, duk sun nufi kasuwa, shanun ƙasusuwansu a waje. A bakin kowace rijiya akwai layin tuluna, da mutane suna jan igiya mai tsawon da ba ka ganin ƙarshenta.

Sito ya cika tun kafin a tayar da janareto. Matan gari sun zo da lulluɓinsu, Fulani masu tallan nono sun jera ƙorai a jikin bango, ga 'yan kasuwar Damagaram da suka tsallako da kanwa da dabino. Baba da jami'i da mai inji ne kaɗai maza. An ajiye wa jami'i kujera a can gefe. Na lura kafin a rufe ƙofa Baba ya tsaya yana bin matan da kallo a hankali, layi layi, kamar mai neman wata da ya sani.

Aka yi na allurar shanu, aka yi na tsabtar ruwa. Sannan Tsohon Rijiya ya fito.

Mata ba sa kallon majigi da baki a rufe. Da suka ga mutanen suna cire takalmi a bakin ƙofa, suna durƙusawa suna sunkuyar da kai, wata ta ce, "Kai, waɗannan sun fi 'ya'yanmu iya gaisuwa." Da tsohon ya ɗauki tsinke biyu zai ci shinkafa, wata Hajiya daga gaba ta ce, "Malam, da wannan zai ƙoshi?"

Baba ya ce, "Hajiya, ba ki ga ramarsa ba?"

Sito ya ɗauki dariya. Baba ya bar su suka gama, sannan ya ci gaba. Muryarsa tana shiga tana fita tsakanin mutanen hoton kamar zare a hannun mai saƙa. Ya yi mai gari, mata suka yi tsaki. Ya yi samarin, suka ce Allah ya shirya. Idan tsohon ya yi 'yar maganarsa, Baba yakan sauke murya ƙasa ya faɗe ta yadda take a littafina, ba ƙari. Ina zaune a bakin ƙofa, hasken inji yana wucewa ta saman kaina, ina jin kamar in tashi in gaya wa kowace mace cewa wancan ubana ne.

Sai aka zo wurin. Mai gari ya leƙa rami ya ce ya isa haka. Samarin suka ajiye igiya suka tafi. Tsohon ya zauna a ƙasan rijiya, ya jingina dagi a jikin bango, ya ɗaga kai yana kallon sama, wadda ta zama ɗan farin faifai can nesa.

Baba ya sauke makirufo zuwa ƙirjinsa.

Ba abin da ake ji sai ƙar-ƙar ɗin inji da gurnanin janareto a waje. Na dubi jami'i. Ya duba agogonsa, ya dubi lasifika, ya sake duba agogo. Sai ya miƙe, ya bi wayar makirufo yana dubawa ko ta cire, bai lura ba har ya shiga gaban haske. Inuwar kansa ta rufe rabin rijiyar.

Wata 'yar Damagaram ta daka masa tsawa da irin kiran da suke yi wa ma'aikaci a ƙasarsu. "Mushe, zauna mana! Ka tare muna rijiya!"

Ya koma kujerarsa da sauri. Ba wadda ta yi dariya. Baba bai ko juya ba.

A kan ƙyalle tsohon ya sauke kai. Wuyansa ya motsa. Ya shimfiɗa tafinsa a kan ƙasa ya bar shi a nan, ya daɗe, kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. Ya matsar da hannun gefe, ya sake dafawa. Sannan ya tsinci 'yar ƙasa da yatsu biyu ya ɗora a harshensa. Fatar idon nan da take a sauke ta ɗaga kaɗan. Abin da ya yi ke nan duka, amma na ji numfashin mata fiye da ɗari ya tsaya tare.

Daga jikin bango, wajen ƙoran nono, wata tsohuwar Bafulatana ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Ɗanɗana yake yi. Ƙasar ta yi sanyi. Ruwa na nan ƙasa, bai kai kamu biyu ba." Ta ɗan matso gaba. "Tashi, Baffa. Tashi ka sara ta hannun dama."

Tsohon ya shafa gwiwoyinsa sau biyu. Ya miƙe ya ɗauki dagi. Sara na uku ƙasar ta yi baƙi, na biyar ruwa ya taso yana kewaye yatsun ƙafarsa. Ya ɗaga kai ya yi magana, rubutu ya gifta a ƙasa, Baba ya mayar da makirufo bakinsa ya faɗi kalmomi huɗu da na rubuta masa a ƙarshen shafin nan:

"Ku sauko da guga."

Ban taɓa jin guɗa irin ta ranar ba. Kwanon sito har rawa yake yi. Wasu suna kuka a fili, don a shekarar babu macen da ba ta san abin da ake nufi da busasshiyar rijiya ba. Hajiyar nan ta gaba tana ta cewa, "Allah ya yi maka albarka, tsoho," ban san ko da na hoton take ba ko da Baba.

Bayan an watse, ina taya mai inji naɗe ƙyalle a gindin wata darbejiya, jami'i ya zo ya tsaya gaban Baba.

"Malam, na duba agogo. Minti huɗu ba ka ce uffan ba."

"Ranka ya daɗe, shi ma bai ce ba."

"Amma a Gagarawa ka yi magana a wurin."

"A Gagarawa tsoronka nake ji."

Jami'i ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "Wannan tsohuwar fa? Kai ka shirya da ita?"

"Ban taɓa ganinta ba sai yau. Amma tun da aka fara na lura da ita. Duk sanda dattijon ya ɗaga dagi, kafaɗarta sai ta motsa. Na ce wannan a gidan mahaƙa ta tashi, ko ubanta ko mijinta. Na san in na ba ta wuri za ta faɗa, kuma daga bakinta ya fi daga nawa."

"Da ba ta faɗa ba fa?"

"Da mun yi shirun tare. Ai ba kurame ba ne, suna ganin fuskarsa."

Jami'i ya ciro biro ɗaya daga aljihu, ya juya shi a hannu, ya mayar bai rubuta komai ba. Ya dube ni ya ce, "Malama, ke ma aikin nan za ki gada?" Mai inji ne ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ita ce ta koya masa Japananci."

Na koma makaranta ba mu ji komai ba. Sai bayan mako uku wasiƙar Inna ta same ni, da rubutun Baba, don shi take sawa ya rubuta mata. A tsakanin gaisuwa da labarin akuyarmu da ta haihu, akwai layi ɗaya: takarda ta zo daga Kano, an ce Malam ya ci gaba da bin mota. A ƙasa, da ƙaramin rubutu, ya ƙara nasa: baƙonmu ya koma gida lafiya, an mayar da gwangwanaye.

Fina-finan masu Hausa a jiki sun zo kamar yadda aka faɗa. Aka riƙa saka su, amma idan jama'a suka fara hamma, mai inji yakan murɗa sautin ƙasa ya miƙa wa Baba makirufo. Haka suka yi har motar ta tsufa aka jingine ta a bayan ofis, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Littafin nan yana wurina. A bangonsa na kwafi sunan tsohon da haruffan boko daga 'yar takardar cikin gwangwani, ban san ma yadda ake furta shi ba. Bayan shekaru da yawa, Baba ya riga ya rasu da damina biyu, ina ƙarin karatu a Zariya, na ɗauki wata tsohuwar mujallar ƙasar waje a ɗakin karatu don in huta da littattafan jarrabawa. Ina buɗe tsakiyarta sai ga fatar idon nan a sauke tana kallona. Labarin rasuwarsa ne da tarihin aikinsa. Na karanta a tsaye. An ce a ƙasarsu, zamanin da fina-finai ba su da sauti, kowane gidan sinima yana da mutum guda da yake tsayawa a gefen allo yana ba mutanen hoto murya. Da fina-finai masu magana suka zo aka sallame su, mafi yawansu suka ɓace ba labari. Shi kuwa tsohon nan ya koma gaban kyamara, ya fara daga ƙananan wurare, har ya zama wanda aka sani da iya shiru. Kafin duk wannan, shekarunsa na samartaka a gefen farin ƙyalle ya yi su, yana bayani.